Abin da Ya Rage a Na'urar Ya'u

Dungas, 6 ga Oktoba

Yaya Maiwada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya a Tamanrasset. Mu nan lafiya lau. An fara cirar gyaɗa, bana ta yi ƴaƴa. Ƙafar Baffa ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda. Saratou tana cikin takaba, yau kwana hamsin da rasuwar Ya'u. Ba ka kira ta ka yi mata ta'aziyyar ƙaninka ba, amma ba wannan ya sa na ɗauki bik na rubuto maka ba.

Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, tunda na san ba ka sauraren saƙon murya.

Ka san bayan koyarwa ni ce sakatariyar koperatif ɗin mata masu tatsar man gyaɗa. Wasu masu saye daga Yamai sun ce ba za su ƙara hulɗa da mu ta lambar wayata ba, sai mun sami adres ɗin mel da sunan ƙungiya. Ina ba Saratou labari sai ta nuna mini akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ordinatar ɗin nan ce, wato kwamfutar da ka haɗa wa Ya'u kafin ka tafi, wadda ka ce gidan waya ce sukutum, ita ke karɓar wasiƙa ita ke aikawa. Ta ce tun shekarar da Inna ta rasu ya rufe ta, bai ƙara kunnawa ba.

Na jona ta a batirin fano mai caji da rana, ta tashi. Baƙin allo ne da farin rubutu, tana neman suna da kalmar sirri. Na sa sunan Ya'u. Saratou ta ce in gwada sunan Inna, sai ta buɗe. Ga hoton allon nan haɗe.

In za ka taimaka mana, ka ce. In ba za ka yi ba, shi ma ka ce, kada ka bar ni ina jira.

Ƙanwarka,
Nazifa

Tamanrasset, 11 ga Oktoba

Nazifa,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Ina lafiya, in ban da bayana. Tun safe har la'asar a kan tsani nake, ina ɗaura wa masu shaguna kamara su riƙa kallon ma'aikatansu. Ki gaida Baffa. Ki ce wa Saratou Allah Ya ba ta haƙuri, Allah Ya jiƙan Ya'u. Ban kira ba don ban san da wane baki zan yi ba.

Ke kina Damagaram kina karatun malanta lokacin, saboda haka bari in faɗa miki sau ɗaya, kada mu sake komawa kai. Na bar gida Inna tana cewa kada in tafi. Na durƙusa in yi mata sallama, ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe. Kafin in fita na ce wa Ya'u lambar waya tana ɓacewa a hanya, adres ɗin mel kuwa ba ya canzawa, duk abin da ya faru ya rubuto mini ta na'urar nan. Wayar an ƙwace ta tun a Assamaka. Ni ma ban nemi ta aro na kira gida ba, ina jiran in sami abin da zan faɗa mai daɗi. Wata biyar ina zuwa siber, shagon intanet, duk Juma'a ina buɗe akwatin mel ɗina, babu komai. Wani mutumin Guci mai sayar da shayi ne ya yi mini gaisuwar Inna a kasuwa, yana zaton na sani, alhali ta yi wata biyu a ƙasa.

Ranar na kira Ya'u. Ya ce ya rubuto mini sau goma sha ɗaya. Na ce masa maƙaryaci. Sannan na tambaye shi abu ɗaya, tunda shi kaɗai ke gabanta: Inna ta yafe mini kafin ta cika? Ya ce amsar tana cikin wasiƙa ta ƙarshe, in je in karanta. Ya kashe waya. Shekara bakwai ke nan, yanzu ya tafi da amsar. Ba zan ce mugu ba ne. Shi ya yi jinya, ni ban yi ba. Amma wannan bai kyauta mini ba.

To, aikinku. Linux ce a cikin na'urar, irin da ake kira Debian. Ba a sayenta, kuma kowa yana iya buɗe cikinta ya gyara. Wanda ke karɓar wasiƙu yana fitarwa sunansa Postfix, ki ɗauke shi kamar ma'aikacin gidan waya da ba ya tashi daga aiki. Tana bukatar suna, na riga na yi wa koperatif rajistarsa. Tana bukatar ƙofa, domin rezon waya ba ya barin irinta ta aika mel kai tsaye, sai ta bi ta wata na'ura da nake haya a waje. Sauran kuma ni zan shiga daga nan in yi. Ki sa kilen rezo, ɗan abin nan da ake soka mata ya kamo intanet, ki kwafi layuka biyun da na rubuta a bayan takardar nan harafi da harafi. Inda na bar fili ki bar fili. Ki kunna ta da hantsi ki kashe da la'asar, kada ta cinye musu batir.

Hoton da kika turo ya nuna ranar farko ta shekarar 2009. Akwai ɗan pil a cikinta kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata kwanan wata. Ya mutu tun kafin in haɗa ta, na ce zan canza na manta. Duk sanda aka kashe ta aka kunna, a wannan ranar take farkawa. Ba gaggawa, amma duk ranar da kika shiga Magarya ki sa a canza shi.

Maiwada

Dungas, 19 ga Oktoba

Yaya,

Salam. Ya baya? Ka nemi man zafi ka riƙa shafawa, ba yaro ba ne kai yanzu. Kowa lafiya. Baffa yana amsawa, ya ce ashe kana da hannun rubutu.

Na karanta abin da ka faɗa a kan Inna. Ban taɓa sanin haka aka yi ba. Na tambayi Saratou ko marigayi ya taɓa gaya mata abin da Inna ta ce, ta ce ranar ya fitar da kowa daga ɗakin, kuma ko sau ɗaya bai ɗauko zancen ba har ya rasu.

Na kwafi layukan, sau uku kafin su shiga. Rezo ba ya kamawa a ɗaki, sai da muka ƙara waya muka rataye kilen cikin leda a reshen darbejiya. Fanna, shugabar koperatif, ta ce yanzu ofishinmu a saman itace yake, in masu saye sun zo sai su hau.

Akwai abin da nake so ka sani. Ka ce in bar allon a buɗe in riƙa ganin abin da kake yi don in koya. Ranar Alhamis ina makaranta ka shiga. Saratou tana zaune ita kaɗai a ɗakin da rana tsaka, sai ta ga rubutu yana fitowa da kansa, harafi bayan harafi, kuma a farkon kowane layi sunan Ya'u ne. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Ta ce haka yake yi in yana tunani. Na dawo na same ta a tsakar gida cikin rana, ba ta ko shiga inuwa ba. Na yi mata bayani kai ne daga Aljeriya. Ta ce ta gane. Amma ta sa an ɗauke tabarmarta daga ɗakin.

Pil ɗin ban manta ba, zan shiga Magarya ƙarshen mako mai zuwa.

Nazifa

Tamanrasset, 24 ga Oktoba

Nazifa,

Salam, ina lafiya, ki gaida gida. Ki karanta wannan kafin ki yi komai: kada ki canza pil ɗin nan. Kada ki bari kowa ya taɓa kwanan watan na'urar.

Jiya da hantsi na gama buɗe ƙofar da na faɗa miki, na koma aiki. Ina kan tsani a bakin wani shagon tayoyi wajen azahar waya ta motsa a aljihuna. Na duba. An rubuta: daga Ya'u. Ban san yadda na sauko ba. Ga abin da ke ciki:

"Yaya, salam. Na gwada na'urar, ta ce saƙo ya tafi. In ka gani ka amsa. Inna tana tambaya ko ka isa. Akuyarka ta haifi biyu."

Ina tsaye ta biyu ta shigo: "Inna ba ta jin daɗi, mun kai ta Magarya an ba ta magani. Tana cin abinci kaɗan. Ka amsa in ka samu dama." Can sai ta uku. Duka kwanan wata ɗaya, ranar farko ta 2009, shekarar da Ya'u bai ko gama firamare ba. Mai shagon ya ba ni kujera, ya ce fuskata ta canza.

Na koma ɗaki na shiga na'urar na duba layin jira, wato inda Postfix ke ajiye wasiƙun da bai sami hanyar fitarwa ba. Takwas ne a ciki, duka da sunana. Da ukun da suka iso, goma sha ɗaya.

Ba aljani ba ne, Nazifa, ni ne. Idan mutum ya rubuta wasiƙa, Postfix yana karɓa, allo ya ce ta tafi, alhali tana hannunsa yana neman ƙofa. Ƙofar da na buɗe jiya ita ce ban buɗe ba shekara bakwai da suka wuce. Ina saurin kama motar Agadas, ban gwada aika ko ɗaya ba. Na miƙa wa ƙanina gidan waya marar ƙofa, na ce ya dogara da shi, daga baya na kira shi maƙaryaci.

Ga dalilin pil ɗin. Ƙa'idarsa ita ce in wasiƙa ta kwana biyar ba ta fita ba, sai ya mayar wa mai ita. Waɗannan sun tsira ne kawai don na'urar ba ta san kwana yana wucewa ba. A wurinta yau ne Ya'u ya rubuta su, gobe ma yau ne. Ranar da ta san ainihin kwanan wata, za ta ga sun shekara goma sha biyar a lissafinta, ta fitar da su daga layin nan take.

Ta ƙarshen ta fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Rubutu ba ya yin wannan nauyin. Ko hoto ne, ko murya. Ina iya buɗe ta daga nan, na san yadda ake yi. Na zauna ina kallon jerin fiye da awa ɗaya na kasa. Da na miƙa hannu, rezonku ya ɗauke, har yanzu bai dawo ba.

Ki bar ta yadda take. Ki kunna ta kawai.

Maiwada

Dungas, 28 ga Oktoba

Yaya,

Salam. Muna lafiya a jiki. Ban san ta inda zan fara ba.

Tun ranar Laraba da rana babu rezo a Dungas. Ranar Asabar na naɗe na'urar a zane, na hau moto da ita zuwa Magarya, wurin Abdulhadi mai gyaran waya a bakin tasha. Wayata tana cikin jaka. Ya cire tsohon pil ya sa sabo, ya saita kwanan wata da awa daidai da agogonsa, ya ɗaure kusoshi. Ya kunna don in ga aikinsa. Na sa sunan Ya'u da sunan Inna. Sai wani layi ya fito da ban taɓa gani ba. Abdulhadi ya karanta ya ce, "Malama, mai na'urar yana da sabbin saƙonni takwas, ki ce masa ya duba." Na ce mai na'urar ya rasu. Ya cire hannunsa daga kanta ya goge a riga.

Sai a lokacin na buɗe jaka, na ga takardarka ta shigo tun ina kan hanya.

Yaya, ka ce in canza, na canza. Na san ka sani, amma sai na faɗa.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Da na dawo na gaya wa Saratou komai, ina zaton zai sanyaya mata rai ta ji mijinta bai yi ƙarya ba. Abin da ya zauna mata shi ne marigayi ya aika uku bayan rasuwarsa, an kuma aiko masa takwas. Ta ce, "Wa ke amsa masa?" Na yi bayanin layin jira har na gaji. Masu zuwa gaishe ta suka ji, kafin la'asar zance ya kai bakin rijiya. Mata biyu sun ce a cire sunansu daga koperatif in da wannan na'urar za a yi aiki.

Jiya Baffa ya zo da sandarsa. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya daɗe yana kallon na'urar, fankarta tana juyawa. Ya ce, "Kashe ta." Na kashe. Ya sa na zuba ta a buhu, ya kai ta rumbunsa ya ɗora a kan damman gero, ya rufe. Na ce, "Baffa, maganar Inna ce a ciki, ta Yaya Maiwada." Ya ce, "Mace tana takaba, ba a tayar mata da rubutun mijinta a ɗakinta. Maiwada ya yi shekara bakwai bai tambaye mu ba, ya ƙara kwana."

Ka gaya mini gaskiya. Sun ɓace?

Nazifa

Tamanrasset, 2 ga Nuwamba

Nazifa,

Salam. Lafiya ta ƙalau, aiki ne ba na iya yi sosai. Duk sanda waya ta motsa wajen azahar sai na sauko daga tsani, ko da na san na'urar tana rumbu. Patiro, maigidana a wurin aiki, ya fara kallona.

Ba laifinki ba ne. Ni na ce ki canza, ni na bar mataccen pil tun farko, ni na zauna awa guda ina kallon abin da zan buɗe da layi ɗaya. Ki cire wannan daga ranki.

Ga gaskiyar. Ƙananan wasiƙun sun koma akwatin Ya'u da abin da ke cikinsu. Mai nauyi kuwa Postfix ba ya mayar da ita duka, ambulan kawai yake mayarwa, da suna da kwanan wata, ya zubar da cikin. Abin da ya rage shi ne jakar da ke ajiye kwafin duk abin da mutum ya aika. Ban tuna ko na saita ta ba. Mutumin da ya manta ƙofa yana iya manta jaka. Na rubuta miki a baya yadda ake dubawa, da yadda za ki kwafe abin da kika samu a kile, irin na ajiya da ake zuba wa waƙoƙi.

Ban ba ki ta ukun ba wancan karon. Ga ta:

"Yaya, shiru. Ko fushi kake da mu? Na'urar tana cewa suna tafiya. Kullum da hantsi Inna sai ta tambaya ko takarda ta zo, in ce mata rezo ne. Jiya ta ce in daina cewa rezo."

Game da Baffa, ba zan ce bai yi daidai ba a kan Saratou. Amma gero yana da ɓera, ɓera kuma yana son waya. Ki roƙe shi ko a ɗakinsa ya ajiye ta. In ya ƙi, shi ke nan. Gidan nan ya saba rufe mini ƙofa.

Maiwada

Tamanrasset, 30 ga Nuwamba

Nazifa,

Salam. Da fatan kuna lafiya. Wata guda ke nan. Waya tana nuna mini kin buɗe takardata tun ranar da na aika, saboda haka kada ki ce rezo.

Na san irin wannan shirun. Na taɓa yanke masa hukunci sau ɗaya, na yi kuskure, don haka wannan karon ba zan ce komai ba. In kin duba babu, ki faɗa mini babu. Zan iya ɗauka.

Maiwada

Dungas, 27 ga Disamba

Yaya Maiwada,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Saratou ta fita takaba ranar Litinin, an yi sadaka, ƴan'uwanta sun zo daga Dogo-Dogo.

Shiruna fushi ne, ba wani abu ba. Ka ce gidan nan ya saba rufe maka ƙofa. Ni da na goya na'urarka a moto har Magarya, ni da ake nunawa a bakin rijiya. Na karanta layin ya fi sau goma. Daga baya na ga da Baffa kake, ko da kanka ma. Amma a lokacin ba ni da abin ba ka, Baffa ya ƙi ko a ɗaga murfin rumbun.

Jiya da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da buhun a gabansa. Ya ce, "Takaba ta ƙare. Maganar uwa ga ɗanta amana ce, ba zan mutu da ita a rumbuna ba. Kunna." Ɓera ya ci wayar kilabiye, abin buga rubutu, sai da na aro wani a makaranta. Da ta tashi ƙaiƙayi ya riƙa fita ta fanka. Saratou ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa.

Jakar tana nan, Yaya. Ka saita ta. Goma sha ɗaya cif. Ta ƙarshen layi ɗaya ne kawai, "Ga Inna," sai wani abu haɗe da ita. Na kwafe shi a kile yadda ka ce. Ina so in tabbatar bai lalace ba, sai na sa kilen a rediyon Baffa. Ka san rediyon nan ba ya jira a danna masa komai, kuma Baffa a ƙure yake barin murya saboda kunnensa.

Inna ta ce, "Maiwada."

A zauren nan, da rana, da muryarta ta kiran mutum daga bayan gida. Baffa ya miƙe tsaye ba sanda. Saratou ta dafa bango. Maƙwabciyarmu da ke daka ta tsaya da tabarya a sama. Na fizge kilen.

Na ce zan tura maka ta waya. Baffa ya karɓi kilen daga hannuna ya sa a aljihun gaba, ya ce, "An ɗora ta a waya sau ɗaya, ta yi shekara bakwai a hanya. Ba ta kira ni ba, ba ta kira ki ba. Wanda ta kira ya zo ya amsa."

Tsawon saƙon muryar minti biyu ne da daƙiƙa arba'in. Kalma ɗaya muka ji, ban san sauran ba.

Ƙanwarka,
Nazifa

Dungas, 19 ga Janairu

Ya'u,

Assalamu alaikum. Na iso shekaranjiya, kwana tara a hanya. Ina lafiya. Saratou da yara suna lafiya, ƙaramar ta ɗauko goshinka. Jikokin akuyar nan sun cika gidan Baffa. Na je wurin Inna, na je wurinka. Baffa ya ce addu'a ce ke isa gare ku, ba mel ba. Na sani. Na yi, ina kuma yi. Amma ka rubuto mini sau goma sha ɗaya, bai kamata a ce ko ɗaya ban amsa ba.

Na karanta goman a jere, a kan kujerarka. Ta bakwai, inda ka ce ka sayar da moto don a kai ta Damagaram, ba wanda ya taɓa gaya mini. Ta tara ba ka ce komai ba sai "Yaya, don Allah."

Jiya bayan azahar Baffa ya ba ni kilen da rediyo, ya kori kowa daga zaure, shi ya zauna. Na ji ka kana cewa, "Inna, yi magana." Ta ce, "Yana ji na?" Ka ce, "Yau ɗin nan zai isa gare shi." Ta kira sunana. Sannan ta yi shiru tana jira. Na ƙirga daga baya, daƙiƙa talatin da ɗaya. Ana jin kaji, ana jin numfashinta. Ta ce, "Ba ya amsawa." Ka ce, "Ci gaba, Inna."

Ka san abin da ta ce, kai ka riƙe mata wayar. Amma bari in maimaita, ka san ya iso. Ta ce ranar da na tafi ba ta juyo ba ne don in ta juyo ba za ta bar ni in fita ba. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, duniya da lahira. Ta ce in riƙa rufe kaina, an ce garin da sanyi. Sannan ta ce, "Kada ku yi faɗa da ƙaninka. Shi ba ya mantuwa, kai kuma bakinka ya fi ka sauri." Na ji ka yi ƴar dariya a wurin.

Na sa Baffa ya mayar da shi farko. Da ta kira, a cikin shirun nan, na ce, "Na'am, Inna." Ta ci gaba da jira har talatin da ɗayan suka cika. Baffa ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ba ka yi ƙarya ba, Ya'u. Ni na bar aikin ban ƙarasa ba. Na yi shekara bakwai ina cewa ka hana ni amsa, ashe kai ma kana zaton na karanta muryarta na ƙi ko kira. Ka yafe mini. Ita ta samu ta faɗa, kai ban ba ka dama ba.

Na ƙarasa na'urar yau. Mel ɗin koperatif yana fita yana shiga, na gwada sau shida, Fanna ta ce ya isa haka. Matan nan biyu sun dawo. Nazifa ta tambaya ko a rufe akwatinka, na ce a bar shi.

Yayanka,
Maiwada

Dungas, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Ya'u,

Allo ya ce ta tafi. Ban yarda da shi ba, na buɗe akwatinka na duba da idona. Tana nan, a saman takwas ɗin da suka dawo maka, ba a buɗe ta ba.

Na bar ta haka. Gobe da hantsi zan sake dubawa.

Maiwada